Kawuna Wanzami da Binciken da Muka Yi a Kan Askarsa

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa da ke Argungu, aka yi masa sutura bayan azahar. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe.

Kwana uku muka yi a zaure muna karɓar gaisuwa. Masunta suka zo daga bakin gulbi da taɓo a ƙafa, manoman Augie suka bar albasarsu babu ban-ruwa suka zo. Wani tsoho ya tuɓe hularsa a gabana ya shafa kansa, ya ce, "Tun ina saurayi babu wanda yat taɓa kan ga sai shi. Yanzu wa za ni ba?" Ya mayar da hular ya tashi.

'Yan'uwansa wanzamai sun zo jana'iza, sun yi masa salla, amma da aka dawo daga maƙabarta ba su zauna ba. Ɗaya ne kawai ya shigo zaure, tsohon da suka koyi sana'a tare. Ya yi addu'a mai tsawo, da zai tashi ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Mutumin kirki na, Allah shi jiƙanai. Amma ya ɓata muna sana'a, kai ma ka sani."

A cikin gida kuwa wata baƙuwa ce ta fi kowa kuka, likita ce da ta taso daga Birnin Kebbi. Mata suka riƙa tambayar Innata, "Wagga hwa? Ɗiyatai ta?" Inna ta ce, "Awo, ɗiyatai ta." Ita Inna ban ga hawayenta ba sai a rana ta uku. Na shiga gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Tun ranar da kunka shigo gidan ga da takardunku bai sake dariya irin ta dauri ba." Ba faɗa take yi ba. Faɗa mini kawai ta yi.

Maganar nan ta Inna da ta tsohon wanzamin su suka sa na ɗauki alƙalami. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Ina so a san sauran kafin mu da muka gani mu ma mu tafi.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannun Kawu na tashi. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, shi ya kai ni makarantar boko a bayan kekensa, zabirarsa ta kayan aiki tana dukan gwiwata. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Ba ya taɓa kan mutum sai ya wanke hannu, ba ya kuma aske wanda ya zo cikin fushi. Sai ya ce, "Zamna ka huce tukuna, ba ni son kai shina rawa." Idan ya wasa aska sai ya gwada ta a gashin hannunsa na hagu, shi ya sa wurin ya zama fayau har ya mutu. Ba ya ƙarya ko cikin wasa. In mace ta kawo yaro da ciwon da ya fi ƙarfinsa, ba ya yi masa ƙaho don ya faranta mata. Sai ya ce, "Wanga ba nawa ba na, kai shi asibiti." Ranar da na samu shiga makarantar koyon aikin likita ya zagaya unguwa yana cewa ɗansa zai zama wanzamin Turawa.

Cikin ayyukansa akwai cire belu, wato ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro. A wurinmu jinjiri na kwana uku da haihuwa sai a kira wanzami ya yanke shi, don an yarda cewa in an bar shi zai kumbura ya hana yaro shan nono, ko ya kashe shi. Kawu ya yi suna a wannan aiki. Hannunsa ba ya rawa, kafin uwa ta rufe ido ta buɗe ya gama.

Da muka gama karatu aka turo mu aikin sanin makama na shekara guda, mu uku, a ɓangaren yara. Ni aka kai ni Argungu. Sauran biyun suna Birnin Kebbi: wani dogon saurayi marar hayaniya da kowa ke kira Dogo, da wata budurwa mai kaifin baki da ke zaune wurin gwaggonta a unguwar Badariya. Kawu ne daga baya ya laƙaba mata Ta Badariya, sunan ya bi ta. Ita ce baƙuwar da ta fi kowa kuka a zaman makokinsa.

A asibitocin biyu akwai wani ɗaki da ba wanda ke son shiga. An rufe tagoginsa da barguna, ba a magana da ƙarfi a ciki, ba a buga ƙofa. A nan ake kwantar da jarirai masu tsinkau-tsinkau. Jinjiri zai yi kwanaki lafiya lau, sai ya ƙi kama nono, muƙamuƙinsa ya ƙage, bayansa ya banƙare kamar baka. Ƙara kaɗan ko haske kaɗan sai jikin ya ɗauki jijjiga. Iyaye suna cewa iska ce ta taɓa shi. Mu mun san ƙwayar cuta ce da ke cikin ƙasa da datti, tana shiga ta inda aka yanka. Muna yin allura, muna ɗura nono ta roba a hanci, amma mafi yawansu a zane ake naɗe su a fita da su.

Babban likitan yara da ke zuwa daga Sakkwato yana duba mu shi ya ce mu daina kallo kawai, mu haɗa kai mu bincika ta ina cutar ke shiga. Muka zauna mu uku muka tsara takarda mai tambayoyi: ina aka haifi yaron, wa ya yanke cibiya kuma da me, me aka sa mata, an cire belu ko ba a cire ba, in an cire wa ya cire. Dogo ya ɗauki yaran da ake kawowa daga fadamar Zauro, Ta Badariya ta ɗauki na cikin Birnin Kebbi, ni na ɗauki Argungu da Augie. Duk Asabar ta biyu nakan hau motar haya in je Birnin Kebbi, mu zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a bayan ɗakin yara mu haɗa takardunmu.

Uwa ta farko da na yi wa tambayar belu ta amsa mini da fara'a, har da alfahari. Ta ce, "Ai kawunka na yac cire mai." Ta biyu ma haka. Ta uku ban tambaye ta ba. Daga ranar na riƙa tsallake wannan layi, ina cika na cibiya da kyau, ina gaya wa kaina cewa ai ungozoma da rezarta su ne masu laifi. Wata uku na yi a haka. Kullum in na tashi aiki a gidan Kawu nake cin tuwo, yana ba ni labarin gidajen da ya je ranar.

Ta Badariya ce ta gano. Wata Asabar ta baje takarduna a kan benci, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Mutanen Argungu ba su da belu ne?"

Na ce iyayen ne ba sa son faɗa.

Ta ce, "Na Zauro suna faɗa wa Dogo, na Birni suna faɗa mini, kai da kake ɗan gari kai za a ɓoye wa? Wa kake karewa?"

Na miƙe na ce ba za ta zo daga ko'ina ta ci mutuncin mutanena ba. Ta ce mutanena ne ke kwance a ɗaki mai duhu. Muka yi ta ɗaga murya har wata nas ta leƙo ta ce mu ji tsoron Allah, akwai marasa lafiya. Dogo ya bar mu sai da muka gaji. Sannan ya ce, "Ni na san wanda yake karewa. Da kawuna ne, wataƙila ni ma haka zan yi. Amma takardun nan ba su da amfani a haka. Ko ka koma ka cika su, ko mu gaya wa babban likita mun fasa."

Na koma na bi iyayen da zan iya samu na cika. Abin da ya fito bai yi mini daɗi ba. Cibiya tana da nata kason, babu shakka. Amma akwai yaran da aka haifa a asibiti, aka yanke musu cibiya da almakashi mai tsabta, ta warke sarai, suka koma gida aka cire musu belu, bayan 'yan kwanaki aka dawo da su a banƙare.

Na samu Kawu a zaure da la'asar yana wasa aska, na gaya masa. Na yi ta kewaye-kewaye, shi kuwa ya gane tun kalma ta farko. Ya ajiye dutsen.

Ya ce, "Kana nuhin ni ka kashe ɗiyan mutane?"

Na ce, "Kawu, ba da gangan ba. Cutar ba a ganinta."

Ya ce, "Da wagga aska nic cire maka naka. Ga ka nan tsaye kana min magana. Mi ya hana ka mutu?"

Na ce ba kowa take kamawa ba.

Ya ce, "Kullum sai na wanke ta. Ka taɓa ganin datti ga kayana?"

Na ce wanki ba ya kashe ta, sai an dafa ƙarfen sosai, kuma ma belun babu abin da yake yi wa yaro, da ma barinsa ake yi. Wannan ta ƙarshe ita ta fi yi masa zafi. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce, "Tashi ka ba ni wuri." Ya fi wata ba ya amsa gaisuwata. Inna ta ce in je in durƙusa in ce na yi kuskure. Na ce ban yi ba. Ita ma ta ɗauke mini kai.

Ta Badariya ce ta warware abin, ba da shawarata ba. Ta shigo mota ta zo Argungu ranar hutunta, ta tambayi gidan Kawu, ta tuɓe takalmi a ƙofar zaure ta durƙusa. Daga baya shi da kansa ya ba ni labarin. Ta ce masa, "Baba, ni ce na tilasta wa ɗanka, in akwai laifi nawa ne. Mu yara ne, za mu iya yin kuskure. Kai ka fi mu sanin jarirai. Ka zo ka ga abin da muke gani. In ka ce ƙarya muke, zan yaga takarduna a gabanka." Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, yarinyar ba ta sunkuyar da ido ba, kuma ba ta yi masa rashin kunya ba.

Washegari da hantsi ya zo asibiti da babbar rigarsa. Na shigar da shi ɗakin. Sai da idonsa ya saba da duhun sannan ya ga gadajen. A na ƙarshe akwai wata matar masunci, haihuwarta ta fari, tana zaune a ƙasa ta dafa ƙarfen gadon. Tana ganinsa ta gyara zama ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Baba wanzam, har nan kat taho duba shi? Allah shi saka ma da alheri. Ka ga abin da iska tay yi mai. Ranar da kac cire mai belu lahiya lau shike."

Kawu ya sunkuya a kan yaron. Gashin da ya aske masa da hannunsa ranar suna bai ko fara tsirowa ba. A daidai lokacin wani ya yar da kwano a waje, jikin jinjirin ya ɗauka, ya banƙare, fuskarsa ta yamutse, ba shi da halin ko yin kuka. Kawu ya tsaya har abin ya lafa. Ya ce wa matar, "Allah shi ba shi lahiya." Da muka fito ya jingina da bango, ya tambaye ni kwana nawa cutar kan yi kafin ta nuna. Na gaya masa. Na ga leɓensa yana motsi, yana lissafa ranakun.

Yaron ya rasu kwana biyu bayan haka. Kawu ya bi gawar har maƙabarta. Mahaifin yaron ya yi ta yi masa godiya.

Da yamma Kawu ya aiko a kira ni. Ya ce, "Waɗanda kuka gani asibiti kaɗan na. Da yawa ba a kawo su. Gaya ma abokanka su taho, ni na san gidajen."

Nan ne bincikenmu ya zama bincike. Kawu bai iya boko ba, amma babu gidan da ya taɓa shiga da zabira da ya manta. Ya san ɗan wa ne, a wane wata, kafin kaka ko bayan kaka, ya san wanda ya rayu da wanda aka ce masa daga baya ya koma. Duk ranar da muka samu hutu sai Dogo da Ta Badariya su zo, mu bi shi. Muka zagaye unguwannin masunta a ƙafa, muka je Augie da damina, inda hanya ta yanke muka shiga kwalekwale. Ba don shi ba da ba wanda zai buɗe mana baki a kan jinjirin da ya mutu. Shi zai yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, Ta Badariya ta shiga wurin mata, Dogo yana rubutu, ni ina fassara masa kalmomin da bai gane ba.

Akwai ranar da a Augie muka shiga gida bayan gida, labarin iri ɗaya: ya ƙi nono, ya sandare, ya koma. A gida na ƙarshe Dogo ya rufe littafinsa ya ce, "Baba, ya isa haka yau." Kawu ya ce, "Akwai saura guda, bayan masallaci." Muka je. A hanyar dawowa cikin kwalekwale Ta Badariya ta so ta sauƙaƙa masa, ta ce ai wasu daga cikinsu ta cibiya cutar ta shiga, ba wanda zai iya rantsewa cewa askarsa ce. Gaskiya ta faɗa. Amma ya ce, "Ɗiyata, kar ki rage min. Rubuta yadda kig gani."

Da fari Kawu ya ce zai riƙa dafa kayan aikinsa. Dogo ya nuna masa yadda ake yi, ya samu wata 'yar tukunya ya keɓe ta don haka. Amma maganar da na yi masa cewa belun ba ya cutar da kowa ta ƙi barinsa. Ya sa Ta Badariya ta buɗe bakinta ya duba, ya ga nata yana nan, ga ta da ranta da lafiyarta. Ya sa Dogo ma ya buɗe. Ya yi dariya kaɗan, ya ce shekara da shekaru yana yaƙi da abin da bai tsokani kowa ba. Daga ranar ya daina cirewa. Ya ci gaba da aski da kaciya da dafaffen ƙarfe, amma belu ya ce ya bari har abada.

Ya je ya gaya wa 'yan'uwansa wanzamai a taronsu. Ban je ba, ban kuma san duk abin da aka faɗa ba. Na dai san ya dawo da wuri. Daga nan magana ta fara yawo a gari: wai hannunsa ne ya fara rawa yake fakewa da asibiti, wai ɗan ƙanwarsa ya juya masa kai. Gidajen da suka gaji kiransa tun kakanni suka koma kiran wasu, don wanda ya cire belu shi ake ba askin suna. Zauren da ba ya rabo da mutane ya zama sai 'yan tsofaffin da ba za su iya canza wanzami ba.

Wannan duk bai karya shi ba. Abin da ya karya shi daban ne. Wani manomin shinkafa ya kira shi ya cire wa 'yarsa belu, ya ƙi, ya yi masa bayani. Mutumin ya ɗauki jinjirar ya kai wa wani baƙon wanzami da ke zuwa ranar kasuwa. Aka yanka ya zarce, jini ya ƙi tsayawa, kafin a kawo mana ita ta cika. Uban ya zo ƙofar zauren Kawu da rana tsaka, mutane na ji, ya ce, "Da kai kay yi da hannunka da ɗiyata tana nan. Kai kak kashe ta."

Kawu ya kira mu mu uku ya tambaye mu, "To yanzu hwa? In na yi, su mutu. In na ƙi, su tahi wurin wani su mutu. Ku da kunka yi karatu, ku gaya min." Karatunmu bai kai nan ba.

Shi ya samo wa kansa hanya, kuma ba ta yi masa daɗi ba. In an kira shi sai ya je, ya wanke hannu, ya danne harshen jinjiri ya leƙa da kyau, ya ɗago ya ce, "Wanga an yi sa'a, nashi bai hito ba. Babu abin cirewa." Iyaye su yi hamdala, don sun san bai taɓa yi musu ƙarya ba. Mutumin da ya yi tsawon rayuwarsa ba a kama shi da ƙarya ba, ya ƙare yana yin ta gida-gida, da sunan da gaskiyarsa ta samar masa. Ya taɓa ce mini duk ranar da ya faɗe ta ba ya jin daɗin abinci. Ba a daɗe ba mutane suka fara lura cewa duk jinjirin da ya duba ba shi da belu, kiran ya ƙara raguwa.

Mu kuwa muka rubuta sakamakon bincikenmu, babban likita ya gyara, aka aika Sakkwato. Ta Badariya ta so a sa sunan Kawu a ciki, ya hana. Ya ce sunansa ya riga ya shiga gidaje da yawa. An yaba mana, an ce za a duba yadda za a tara wanzamai da ungozomomi a koya musu. Muna nan muna jira. Shekararmu ta ƙare, aka mayar da Dogo wani gari mai nisa, Ta Badariya ta zauna a Birnin Kebbi, ni na roƙa aka bar ni a Argungu. Ɗakin mai duhu yana nan, har yau ba a cire bargunan ba. Abin da zan iya cewa kawai shi ne akwai yara a unguwarmu da ke gudu a bakin gulbi da belunsu a wuya, iyayensu ba su sani ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ya ƙi kwanciya a asibiti. Kwana biyu kafin ya cika na je duba shi da la'asar, na same shi a jingine a tsakar gida. Ya sa kowa ya ba mu wuri. Na ga alama ban da sauran lokaci, sai na ce, "Kawu, ka yafe mini. Ni na kawo maka wannan magana, ni na raba ka da sana'arka da mutanenka."

Ya ce, "Wanga ba laihi na ba. Ba shi nika riƙe da kai da shi ba."

Na ce, "To da me, Kawu?"

Ya ce, "Dogo ya gaya min, tun muna Augie. Wata ukku kay yi ka sani, kana zamne nan kana cin tuwo da ni, ina ba ka labarin gidajen da nit tahi. Ba ka ce min komi ba. Cikin watannin nan ban huta ba ko kwana guda. Ka san haka?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce na ji tsoron in ɓata masa rai ne.

Ya ce, "Na sani. Don kana sona na. Na yahe maka abin da ke tsakanina da kai. Amma na ɗiyan nan ba ni ka yahewa ba. Nawa na ɗauka, ina roƙon Allah kullum, Shi ya san ban sani ba. Kai ka sani. Ɗauki naka, kar ka aje shi."

Ya kama hannuna ya riƙe har aka kira magariba. Wannan ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi.

Ya Allah, Ka san abin da hannunsa ya yi cikin rashin sani, Ka san kuma abin da ya yi bayan ya sani. Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba iyayen yaran nan haƙuri, waɗanda suka san dalili da waɗanda har yau suke cewa iska ce. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙo ya yi wa Kawu addu'a. In ya gama, ya sa ni a ciki, ni na fi shi bukata.